Ba Injin Feshi Ba Ne

Salmanu Mai-Wanki mutum ne da Allah ya ba haƙuri daidai gwargwado, sai mutanen Safana suka taru suka cinye masa shi da kalma ɗaya. Kalmar ita ce feshi. Ranar da ya sauke injinsa a bakin gari, cikin ranin 1978, wani ya leƙa ya ga tiyo da dogon ƙarfe mai kunama irin ta bindiga, ya ce ai injin feshi ne irin wanda malaman gona ke goyawa suna bin auduga, sai dai wannan ya ci ya ƙoshi. Shi ke nan, suna ya zauna. Salmanu ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce injin wankin mota ne, ruwan da ke fita daga bakinsa kuma ba yayyafi yake yi ba, yanka yake yi. Su gyaɗa kai su ce sun gane, gobe su tsaya su tambaye shi ko injin feshin ya kwana lafiya.

Asalinsa mutumin Darini ne ta wajen Batsari, ɗan Ummaru Magini. Maza biyu Ummaru ya bari, babu wanda ya gaji sana'arsa. Babban, Daudu, ya bi karatu har ya zama Malam Daudu. Salmanu kuwa tun yana saurayi ya ce ya gaji da taka ƙasa da miƙa tubali, ya bi wani kamfanin Turawa mai yin titi. Shekara bakwai ya yi yana wanke musu tifa da katafila. A makonsa na biyu ya ga taɓo a ƙafarsa, ya ce bari ya ɗan ɗauraye, ya juyo bakin ƙarfen ya latsa kunama. Silifa ce a ƙafar. Wata guda ya yi yana ɗingishi, tabon kuma bai taɓa ɓacewa ba, dogo kamar an ja wuƙa. Da kamfanin ya gama aiki zai tashi, aka sallame shi da wani tsohon inji mai yoyo. Ya gyara abinsa, ya kafa rumfa a ƙofar gidansa a Safana kusa da wata rijiya, ya shiga wanke manyan motoci da a-kori-kura, waɗanda a shekarun nan suka yi yawa har jakuna suka fara samun hutu.

Ka ga Salmanu a bakin aiki, sai ka ce likita ne zai shiga tiyata. Komai zafin rana, sai ya sa takalmin roba har gwiwa, ya ɗora tabarau. Sai ya ja layi a ƙasa da kara, ya ce duk wanda ya tsallake, aiki ya tsaya. Daga nesa yake fara wanki, yana matsowa a hankali. In ya kashe inji ba ya ajiye ƙarfen sai ya duƙar da bakinsa ƙasa ya latsa, sauran ƙarfin da ya maƙale a tiyo ya fita. Direbobi suna masa dariya, suna cewa duk wannan tsirfa a kan ruwa? Shi kuwa ba ya dariya, don ya san abin da ruwan ya yi masa.

Abin da ya fi tayar masa da jijiyar wuya shi ne masu zuwa roƙo. Wata ranar kasuwa wani makiyayi, Hamma, ya jawo bijiminsa har bakin layin, ya ce kaska ta dame shi, a taimaka a fesa masa. Salmanu ya yi bayani, Hamma ya yi murmushi. Ya sake yi, Hamma ya sake murmushi. Sai Salmanu ya sayi kabewa a wajen wata mata, ya ɗora ta a kan dutse, ya matso ya latsa kunama. Kabewa ta dare gida biyu, 'ya'yanta suka watsu har kan rawanin wani dattijo.

"Ka gani?" in ji Salmanu.

Hamma ya riƙe baki ya ce, "Kai! Wallahi wanga abu ba kaskar da za ta tsira."

Salmanu ya kore shi, shi da bijimin, da maganganun da ba zan maimaita ba. Haka yake. Ba ya tauna magana in aka zo ga injinsa. Ya taɓa gaya wa wani Alhaji mai motoci uku cewa shi ba ya wanke darduma, ya kuma hana tasa matar, Turai, ko da shanya a jikin tiyon. Mutum ɗaya ne a duniya wanda in ya yi magana harshen Salmanu yake naɗewa, shi ne wansa.

Shekara goma sha biyu Malam Daudu ya ba shi. Da uwarsu ta rasu, Daudu ne ya riƙa goya shi zuwa gona, shi ya koya masa alwala, shi ya nema masa aure. Har Salmanu ya yi furfura a gemu, in zai gaishe shi sai ya cire takalmi ya durƙusa, ba ya kuma ɗaga ido. Kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. In Daudu ya faɗi abin da bai yi masa ba, sai ya ce "To, Yaya," ya tashi ya je ya san yadda zai zagaye.

A gidan gado na Darini Daudu yake zaune, a ƙofar gidan kuma akwai zauren da ubansu ya gina da hannunsa. Ba zaure ne na wasa ba. Rufinsa na ƙasa ne, bakuna biyu masu lanƙwasa kamar bakan gizo suka gitta juna suka ɗauke shi, ƙafafunsu huɗu sun sauko har ƙasa. Ummaru ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ciki da waje, har bangon yana sheƙi. Duk gidajen da ya gina wa mutane sun rushe ko an sake su, wannan kaɗai ya rage. A cikinsa aka raɗa wa Salmanu suna, a ƙofarsa aka yi wa Ummaru salla. Salmanu ya gudu daga gini, amma duk ranar da ya je gida sai ya shafa bangon nan da tafin hannu kafin ya shiga.

To, gara ta shiga zauren. Ta bi gindin bango ta yi ramuka, ta hau har rufi. Daudu ya samo maganin gara a wajen malamin gona, ya yayyafa da tsintsiya, gara ta yi kwana biyu ta dawo. Da Salmanu ya je gaisuwar Babbar Salla, bayan an tambayi gida da iyali da aiki da gajiya, sai Daudu ya gyara zama.

"Salmanu, na yi nazari. Maganin nan a baki-baki yake tsayawa, uwar garar kuwa tana can ciki. Injin feshinka aka ce yana da ƙarhi. Ka kawo mani shi, mu zuba magani a duro, mu tura mata har ɗakinta."

Salmanu ya saci kallon bango. Ginin ƙasa! Abin da ruwan sama ma sai an lallaɓa shi da indararo. Da wani ne ya faɗi haka a Safana, da an ji muryar Salmanu har tasha. Amma sai ya dubi tabarma ya ce, "To, Yaya. Sai dai injin ƙarhinshi ya yi yawa."

"Ai ƙarhin muke nema," in ji Daudu, yana jin daɗi.

A hanyar komawa Salmanu ya yi ta faɗa shi kaɗai a kan babur. Ya isa gida ya zazzage wa Turai, ya zazzage wa masu jan ruwa a rijiya, ya zazzage wa duk direban da ya kawo mota a makon nan. Mutum mai ilimi, wanda ake zuwa neman fatawa wajensa, a ce bai san abin da ruwa ke yi wa tubali ba? Turai ta saurara har ta gaji, ta ce, "To ka hwaɗa mashi mana." Salmanu ya harare ta kamar ta yi saɓo. Ya ce ai ya faɗa, ya ce masa ƙarfin ya yi yawa, mai hankali ai wannan ya ishe shi.

Bayan mako biyu saƙo ya zo ta hannun Rabe direba, mai a-kori-kurar da ke jigilar hatsi tsakanin Batsari da Safana. Malam yana jira. Salmanu ya ce a gaya masa inji ba shi da lafiya. Daudu ya aiko da addu'ar Allah ya ba shi lafiya. Sai dai Rabe mutum ne mai baki, kuma a gabansa aka wanke masa mota ranar, don haka ƙaryar ba ta yi kwana uku ba. Salmanu ya sake dabara. Ya je ya aro ƙaramin injin feshi na gaskiya, irin na goyo, ya aika da shi, ya ce wannan ne ya dace da aikin. Washegari Rabe ya dawo da shi.

"Malam ya ce a ce maka, ka aiko mashi da ɗa ka riƙe uban. Ya ce in rowa ce ka hito ka hwaɗi."

Rowa! Salmanu ya cire tabarau ya zauna a kan duro, ya rasa inda zai sa kansa. Ya yanke shawara ranar Juma'a zai je Darini da kansa, ya ɗauki wani tsohon magini da ya sani, a tone shurin garar da ke bayan gida, a yi wa gindin bangon sabon yaɓe. In Yaya ya ga an yi aikin, maganar inji ta mutu ba tare da kowa ya ji kunya ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai ranar Laraba aka yi rasuwa a Zakka, surukin wani amininsa, ya tafi ta'aziyya da sassafe.

Ya dawo hantsi ya ɗaga, ya tarar da rumfa wayam. Ba inji, ba tiyo, ba duro ko ɗaya. Takalmin robarsa da tabarau ne kawai suke rataye inda ya bar su. Turai ta fito tana murza hannu. Ta ce Malam ne ya zo da kansa a motar Rabe. Ta gaishe shi daga bayan labule, ta ce maigidan ya hana a taɓa, amma muryarta ba ta fita sosai ba, don ita ma ba ta taɓa ja da wan mijinta ba.

"Mi ya ce?"

"Ya ce kun gama magana tun Salla. Ya ce ka ce to."

Salmanu bai ko sha ruwa ba, ya juya babur. Hanyar nan ba ta taɓa yi masa tsawo kamar ranar ba. Yashi ya kayar da shi sau ɗaya, ya tashi bai karkaɗe riga ba. Yana tafe yana lissafi: Rabe ya sha ganin yadda ake tayar da injin, igiya ce kawai za a ja. Yana fata fetur ya ƙare musu, ko tiyo ya fashe, ko inji ya yi gardamar da yake yi masa kullum da safe. Tun kafin ya ga gidajen Darini ya ji ƙarar. Injin da sai ya lallashe shi yake tashi, yau ga shi yana ruri lafiya lau.

Wani ruwa ja ne ya fara tarbarsa, yana gangarowa ta lungu, mai kauri kamar kunu. Maƙwabta sun yi cincirindo a ƙofar gida suna sa albarka. Duro uku sun ƙare, ana cikin na huɗu. Sun ja injin har bakin ƙofar zaure, hayaƙinsa yana turnuƙewa ciki, ya haɗu da warin maganin da ke sa ido hawaye. A tsakiyar wannan hayaƙi Malam Daudu yake, ya naɗe wando, ƙafarsa ba takalmi, gemunsa duk taɓo. Ya cusa bakin ƙarfen cikin ramin gara a gindin ɗaya daga ƙafafun bakan, ya danne kunama da hannu biyu, fuskarsa cike da farin ciki.

Salmanu ya kashe inji. Daudu ya juyo don ya ga wanda ya katse masa aiki, ƙarfen yana hannunsa, bakinsa ya saiti mutanen da ke ƙofa, yatsansa kuma yana kan kunama. Salmanu ya daka tsalle ya buge ƙarfen ƙasa. Sauran ruwan ya fita da ƙarfi, ya yi rami a daɓe, tazarar taki ɗaya daga ƙafar Rabe. Wurin ya yi tsit. Ba ramin ne ya sa su shiru ba, ganin ƙane ya bugi abin da ke hannun wansa ne.

"Lahiya, Salmanu?" in ji Daudu. "Ko sallama babu?"

Salmanu kuwa bango yake kallo. Shi ɗan magini ne ko ya ƙi ko ya so. Ƙafafu uku daga cikin huɗu ruwa ya cinye gindinsu, ramin sai ka zura hannu har gwiwar hannu. Makubar ta saɓule ta zube. Ruwan ya bi hanyoyin gara ya hau cikin bango, har jiƙa ta nuna sama da tsayin mutum. Ya ɗaga kai. Daga inda bakunan suka gitta, wata 'yar ƙasa tana zubowa siririya, ba ta tsayawa.

"Yaya, mu hita."

"Saura ƙahwa guda. Ta da shi mu ƙarasa, ka ga yadda suke hitowa matattu?"

"A'a."

Shi kansa Salmanu sai da ya ji kalmar baƙuwa a bakinsa. Daudu ya tsaya yana kallonsa, kamar bai ji daidai ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙarfen. Salmanu ya rungume shi ta ƙugu, ya ɗaga shi cak, malami guda mai shekara hamsin da wani abu, ya fito da shi waje ya dire a gaban jama'a. Ya koma ya jawo injin, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa.

"Ba mai shiga. Ko waye."

Zaure kuwa ya ƙi faɗuwa. Yana nan tsaye abinsa. Aka kira azahar, aka yi salla a waje, Salmanu ya yi tasa a bakin ƙofar don kada wani ya faki idonsa. Daudu ya zauna a gindin bishiya yana faɗa. Ya ce shi ya goyi yaron nan, yau ga sakayya. Ya ce zama da Turawa ya cire masa kunya. Dattawa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna cewa Salmanu ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ai ga zaure nan ba abin da ya same shi, har ma ya yi fes. Wani ya ce kishi ne, don Malam ya iya injin ba tare da an koya masa ba. Salmanu ya cije leɓe, gumi yana bin bayansa. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har ya kama kansa yana fatan abin da yake tsoro ya faru, sai ya yi sauri ya nemi gafarar Allah.

Gab da la'asar aka ji wani ƙas, kamar an karya kara. Bangon gabas ya durƙusa a hankali, sannan rufin gaba ɗaya ya sauko. Ƙasa ta girgiza, kaji suka watse, mata suka fito daga cikin gida suna salati. Da ƙurar ta lafa, daga inda mutane suke tsaye ana hango tsakar gidan Malam Daudu, da turmi da igiyar shanya.

Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Mutane suka yi ta hamdala, suna zamewa ɗaya-ɗaya, har waɗanda ɗazu suke cewa ya yi fes. Daudu ya taso ya zo ya tsaya a gaban tulin ƙasar. Salmanu ya matso, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefensa kamar yadda ya saba.

"Ka san haka za ta faru?" in ji Daudu, ba tare da ya juyo ba.

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka hwaɗa."

"To mi ya hana ka gaya mani?"

Fushin makonni ya taso wa Salmanu. Bai faɗa ba? Ya ce ƙarfin ya yi yawa. Ya ce inji ba lafiya. Ya aika da ƙarami. Ya buɗe baki zai jero su, sai ya ga babu ɗaya a ciki da ke cewa ruwan nan zai rushe zauren Baba. Wannan maganar ya gaya wa Turai, ya gaya wa masu jan ruwa, ya gaya wa direbobin da ba su ma san inda Darini take ba. Mai zauren ne kaɗai bai ji ta ba.

"Kunya, Yaya," ya ce a hankali.

Daudu ya juyo, hawaye ya yi hanya a cikin taɓon da ke fuskarsa. "Ka ɗauke ni kamar buhu a gaban mutane, wannan ba komi, na yahe. Amma da ka yi mani rashin kunyar nan tun ranar Salla, da baki kawai, da yanzu muna zaune a ciki."

Kafin damina aka kwashe ƙasar, aka gina sabon zaure da bulo da siminti, aka rufa kwano. Irin ginin da injin ba zai yi wa komai ba ne. Salmanu ya ci gaba da wanke motoci a Safana har ƙarfinsa ya ƙare, ya kuma ci gaba da zuwa gaishe da wansa duk Salla. Amma in ya zo, a waje yake shimfiɗa tabarma. Daudu bai taɓa tambayarsa dalili ba, sai dai ya ɗauko buzunsa ya fito su zauna tare.